Takardu Huɗun da Suka Faɗo Daga Bangon Auta

Talata, ƙarfe goma da rabi na safe

Tela, don girman Allah tsayar da keken nan ki saurare ni. Yanzu, ba anjima ba, rigar ba guduwa za ta yi ba. Ɗauko littafin awon nan naki, buɗe ta baya inda babu rubutu, duk abin da na faɗa ki sa shi yadda na faɗe shi. Kar ki gyara mini magana. Sa rana, sa ƙarfe nawa, yadda suke yi a asibiti. Auta ta tafi ofis sai la'asar, amma ban yarda da ƙafarta ba, takan dawo ta ce caja ta manta.

Rubuta. Ni ce uwar Auta, masu hawa na uku, ƙofa ta biyu. Shekara shida ina zaune wurinta, tun rasuwar babanta. Ban yi makaranta ba, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ban gaishe shi ba. Amma da hankalina. Wannan ki danna biro da kyau.

Jiya muna cin abinci aka kira ta a waya. Wani mutum a wata masana'anta ya buɗe murfin tukunyar tururi, tururin ya tashi masa a fuska. Yana asibiti. Littafin da ya bi ya buɗe murfin nan, a gidanmu aka gyara shi, a ɗakin da nake sharewa kullum.

Ke kina ganin danne-dannen kwamfuta kawai take yi ko? Kamfaninsu injuna yake ƙerawa, kowane inji da littafinsa mai gaya wa mutum yadda zai kama shi. Ita ke rubuta littattafan. Akwai wani gargaɗi, sau ɗaya aka rubuta shi, amma yana fitowa a littafi arba'in da biyu, kamar takardar yanka ɗaya da kike ɗorawa kan yadi arba'in. A ƙarshen gargaɗin ya ce, kafin ka buɗe, je ka duba wuri kaza. To wuri kazan nan kowane littafi da nasa. Abin da ke kai mutum wurin, mahaɗi take ce masa. Wata biyu da suka wuce kamfanin ya sauya musu manhaja, mahaɗan nan duk suka tsintsinke, fuskar kwamfutar ta yi jajur kamar mai ƙyanda. Aka ce Auta ta ƙulla su ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar kuma ba ta nuna wanne ne na wanne, sai ta sayo 'yan takardu rawaya masu gam a baya, ta jera su a bango. Hagu sunan inji, dama lambar wurin da za a duba. Sati guda tana jerawa, sannan ta zauna tana kallon bango tana shigarwa.

Shi ke nan na yau. A'a, babu saura. Na ce miki babu. Ni dai goge bango na yi.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya

Ba ta ci komai ba. Ta ce in daina tari kusa da ƙofarta.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

An ce idanun mutumin ne. Duka biyun.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Sun gano inda aka yi ɓatan kai. Na ji tana gaya wa mijinta a falo, ni ina kicin ina wanke kofin da na riga na wanke. Littafin babbar tukunya ya aika mutum lambar ƙaramar tukunya, na ƙaramar ya aika lambar babbar. Ita ƙaramar minti biyu ake jira. Babbar sai an saki tururi an jira minti ashirin. Mutumin ya jira biyu.

Shi ma dai, Tela. Shekara nawa yana gaban tukunya bai san tana huci ba? Ni ko wake nake dafawa ba na kai fuskata. Komai sai littafi, komai sai littafi, Allah ya ba ka hanci ya ba ka kunne. Kar ki kalle ni haka. Rubuta kawai, ba alƙalanci na sa ki ba.

Mijinta ya ce, “Ke dai ki kama bakinki a wurin taron. Wanda ya fara magana shi ake rubutawa.” Shi ke nan ya gyara tayen wuyansa ya fita. Mai Taye nake ce masa, ko shara zai zubar sai ya ɗaura.

Litinin, ƙarfe tara da kwata

Alhamdu lillahi. Sa shi a sama, alhamdu lillahi. Ba ita ba ce.

Akwai wani dattijo a ofishinsu, Baba Waƙafi suke ce masa, don aikinsa ke nan, in an gama rubutu shi ke bi yana tsintar kuskure, nan ɗigo, nan waƙafi. Shekara talatin da wani abu. Shi ya koya wa Auta aiki lokacin da ta shiga ba ta san hagu da dama ba. To ana gobe za a fitar da littattafan ya buɗe gargaɗin nan ya sa waƙafi guda. Kwamfuta kuwa ba ta san kowa ba sai wanda ya taɓa abu a ƙarshe, sai ta ajiye sunansa. Manyan suka buɗe suka ga suna. Ba su ƙara tona komai ba. Suna suke nema, sun samu. An ce ya tattara kayansa.

Ta dawo ta ci abinci har da ƙari. Ni ma na ci. Ai ya tsufa, Tela, dama hutu ya kamata ya yi, 'ya'yansa sun girma. Auta kuwa yanzu take tasowa. In ruwa zai ci mutum, gara ya ci wanda ya riga ya sha iska.

Me ya sa kike tambaya? Ban ce na san wani abu ba. Ni dai goge bango na yi.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Rufe ƙofar shagon. Juya makullin.

Ranar wata Asabar ce. Sun fita sayayya ita da mijinta. Tun da ta jera takardun ta hana ni shiga ɗakin, ta ce Mama ko ƙura ta kai gwiwa ba ruwanki. To yanar gizo ce na gani a kusurwa, saman takardun, ga wani baƙin gizo a zaune kamar shi ke biyan haya. 'Yata tana wuni a ƙarƙashinsa. Na ɗauko tsintsiya mai dogon hannu, na buɗe taga don ƙura ta fita, fanka kuma tana juyawa ban kashe ba. Huɗu suka faɗo. Duk daga layin dama, duk rawaya, duk rubutu iri ɗaya kamar sawun kaza. Ga gurbi huɗu a bango suna kallona.

Na tsince su na hure musu ƙura. Gam ɗin ya mutu, na manna suna zamewa. Sai na dama 'yar fulawa da ruwa a murfin kwalba na ɗiga a bayan kowace. Na tsaya na duba, na ce wannan ta faɗi kusa da tebur, ta sama ce. Wannan mai lanƙwasasshen kunne kamar a tsakiya na saba ganinta. Na yi bisimilla na mayar. Suka zauna ɗas, ko ita ba ta gane ba. Har daɗi na ji, Tela, na ce ashe ni ma na iya aikin ofis.

Garin gyaran gira. Ba sai na ƙarasa miki ba.

In na faɗa, ina zan je? Babban yayanta matarsa ba ta amsa gaisuwata. Gidan mijina an sayar. Ni ga katifata, ga tagata, ga 'yata da nake jin motsinta ta bango. Abin da ya rage mini ke nan a duniya.

Laraba, ƙarfe sha biyu

Na ƙona hannu da butar shayi. Ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa. Tun safe yake zugi, ɗan wannan.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Bar ruwan nan, ba zan sha ba, ki rubuta.

Yau ta ce za ta kwashe bangon, ba ta son ganinsa. Ina falo ina jin tana ɓanɓarowa, tsit, tsit, tsit. Sai na ji shiru.  Ta kira ni. Ba Mama ta ce ba, “Zo nan” ta ce.

Ta jera su huɗu a tebur a kife, fulawar ta bushe ta yi fari a bayansu.

Ta ce, “Mene ne wannan?”

Na ce, “Gam ne mana.”

Ta kai ɗaya hanci. Ta ce, “Gam ɗin da ake soya fanke da shi?”

Na ce, “Auta, yana ce na gani.”

Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi. Ta juya su, ta buɗe kwamfuta tana dubawa, ni ina tsaye kamar wadda aka kawo gaban hukuma. Biyu su ne na tukunyar nan, waɗanda aka riga aka gyara. Sauran biyun ta duba, ta sake dubawa, ta dafe kai. Su ma na juya su. Ɗaya na injin yanka katako ne, babba. Ɗayan na ƙaninsa. Shi babban ko an kashe shi zarton yana daɗewa yana juyawa a cikin murfi. Littafin yana aika mutum wurin da ya ce da ka kashe ka buɗe.

Na ce, “To ki gyara yanzu, ga ki ga kwamfuta.”

Ta yi wata dariya. Ta ce, “In na taɓa, sunana zai hau. Za a ce me ya sa biyu suka ƙaru, a littafin da waƙafi bai isa ya juya ba? Za a tono jerin da na shigar. In ce musu me? In ce uwata ce ta yi wa kamfani gyara da ƙullun fulawa?”

Na ce, “Ki ce ni ce. Ai ni ce.”

Ta ce, “Ke wace ce? Ke akwai ki a takarda? Ni za a ɗaure, Mama. Ni na kawo aikin mutane gida na manna shi inda jahila za ta kai hannu.”

Jahila. Sa shi. Ni na sayar da awakina uku aka saya mata akwatin makaranta.

Ta ce akwai sabon bugu nan da wata shida, a lokacin za ta gyara a ɓoye cikin sauran gyare-gyare, ba wanda zai lura. Na ce wata shida mutane suna buɗe murfi? Ta ce masu aikin katako sun san injinsu, ba sa karanta littafi. Abin da na faɗa miki ranar Juma'a ke nan a kan mai tukunya. A bakinta na ji yadda yake da wari.

Ta dunƙule takardun ta jefa kwandon shara. Wa ke kwashe kwandon in ba ni ba? To.

Litinin, ƙarfe goma

Ba ta yi mini magana. In za ta ce a dafa abu, mijinta take gaya wa, shi kuma ya gaya wa firji da ƙarfi.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ya zo. Baba Waƙafi, har hawa na uku, yana tsayawa a kowane bene yana haki. Ya goge rigarsa, ya riƙo wani ƙaton ƙamus a leda. Na buɗe masa ƙofa ya rusuna ya ce, “Iya, mun same ku lafiya?” Gemunsa ya fi kaina fari, yake rusuna mini.

Kin san me ya kawo shi? Haƙuri ya zo bayarwa. Ya ce wa Auta, “'Yata, na ja miki tashin hankali a aikin da kika sha wuya a kansa. Shekara talatin da huɗu ina tsintar kuskuren mutane, ashe nawa na jirana a ƙarshe. Har yanzu ban gane yadda waƙafi ya juya lamba ba, amma manhajar sabuwa ce, ni kuma tsoho ne. Wanda bai gane abu ba bai kamata ya taɓa shi ba.”

Ta ce, “Baba, ƙaddara ce. Kowa yana kuskure.”

Ko muryarta ba ta girgiza ba. Ni na haife ta, ban san tana da wannan muryar ba.

Ya ce ya je asibiti sau biyu, matar mutumin ta hana shi shiga, karo na biyu ta tofa masa yawu a takalmi. Ya ce bai goge ba sai da ya kai gida. Ya ce yanzu a shagon matarsa yake wuni, mai buga takardu a bayan gidan waya, amma ba ya karanta abin da aka kawo, tsoro yake ji. Ya ba Auta ƙamus ɗin, ya ce shi ya gama da shi.

Na kawo masa shayi. Ya ce, “Iya, Allah ya ba ki 'ya. Ki riƙa sa mata albarka.” Auta ta zuba mini ido ta saman kansa. Na ce amin. Takardun suna ƙulle a bakin zanena, tsakanina da gwiwarsa bai kai taku ɗaya ba. Na ce masa a sauka lafiya, a yi hankali da bene.

Alhamis, ƙarfe tara

Na ji ƙarar zarto daga gidan da ake gini a bayanmu. Na toshe kunne da filo har aka tashi.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mai Kemis, sannu da aiki. Tela ta tafi sarin yadi, ta bar mini littafin, kai ne ka rage mai rubutu a layin nan. Ba magani na zo saya ba. Rubuta a ƙasan nata. A'a, kar ka karanta na sama. Na ce kar ka karanta, ɗan nan, ba naka ba ne.

To ka karanta. Ka ga ke nan. Tambaya nake so ka rubuta kuma ka ba ni amsa: in mutum ya san rami a hanya ya yi shiru, wani ya faɗa, wa ya tura shi? Kuma in tsohuwa ta je kamfani da ƙafarta, ƙofar da ake shiga ta ina ce, wa ake nema?

Me ya sa kake tambaya ko ina barci? Ina barci. Eh, na san yau Asabar. Ba ni littafina.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Tela, matso kusa da tagar nan mai kallon matakalar bene. Ɗora littafin a kan ƙarfen tagar. In kin ji tafiya a bene ki yi kamar awon labule kika zo.

Ta kulle ni. Ta sauya makulli, in za su fita su juya ta waje. Mai Kemis ne, ko inuwata ba ta bar shagonsa ba ya buga mata waya, wai yana tausayina. Allah ya ba shi mai tausayinsa irin haka.

Na ji abin da kuka yi jiya, tagar kicin tana kawo magana daga ƙasa. Sa shi a ciki, ina so ya zauna. Ta ce, “Ba ni littafin da uwata ke zuba miki shirme.” Kika ce, “Littafin awo ne, ƙugun matan layin nan duk yana ciki, har da naki, kina so a karanta?” Ta ce za ta sa mai gida ya tashe ki daga shagon. Kika ce, “In ya tashe ni, ke za ki ɗinke masa wandonsa da kwamfuta?” Na yi dariya ni kaɗai a kicin har na yi kuka. Na sha ce miki mai tsadar ɗinki, na sha ce miki mai baki. Ban janye ba, amma na gode.

Laraba, ƙarfe ɗaya da rabi

Yau an fita da ni. Ta ciro mini sabon mayafi, ta riƙe mini hannu a bene, ta ce Mama a hankali. Sati biyu ban ji Mama a bakinta ba. Na ce a raina ta sauko, kamfanin za mu. Har na fara shirya abin da zan faɗa.

Wurin likita ne. Wani mai sanƙo, da hoton ƙwaƙwalwa a bango kamar farin kabeji. Ya ce in faɗi rana, na faɗa. Ya ce in faɗi abu uku in riƙe, kujera, lemo, jirgi, ga su har yanzu. Sai ya ce in cire bakwai daga ɗari in yi ta cirewa. Na ce ɗari na me? Ya rubuta. Ya miƙo biro ya ce in zana agogo. Ni da ban taɓa riƙe biro ba, na riƙe shi kamar muciya, na yi wani abu kamar ƙwai ya fashe. Ya rubuta.

Sannan ita ta fara. A hankali, da hawaye a ido, na gaske, na gan su. Wai ina barin tukunya a wuta. Wai ga ƙuna a hannuna. Wai ina tonon shara ina ɓoye takardu. Wai ina yawo shago-shago ina gaya wa mutane ni na makantar da wani mutum a masana'antar da ban taɓa gani ba.

Na ce, “Likita, wannan gaskiya ne. Ni na juya lambobin.”

Ya cire gilashi. Ya ce, “Mama, kin iya karatu?”

Na ce a'a.

Ya ce, “To yaya aka yi kika gyara littafin inji?”

Na ce, “Da fulawa.”

Ya kalle ta, ta kalle shi. Nas ɗin da ke tsaye ta juya baya kafaɗarta tana rawa. Ya buga hatimi.

A mota na ce, “Auta, kin san da hankalina.” Tana kallon titi ta ce, “Na sani, Mama. Shi ya sa.”

Alhamis, ƙarfe sha biyu

Ta zazzage katifata, ta farke filo, ta juye jakata. Ba ta taɓa zanen da ke jikina ba. Saura wannan kunyar kaɗai.

Juma'a, ƙarfe huɗu

Mai Taye ya shigo da akwati ya ajiye a ƙofar ɗakina. Ya ce wa firji, “Akwai lambu a can, akwai masu kula, an ce har talabijin.” Gidan tsofaffi ne a bayan gari. Litinin da sha biyu.

Da ya fita ta shigo ta zauna a bakin katifa. Ta kama ƙafata tana matsa mini kamar da. Ta ce, “Mama, ba ni takardun, ki ce wa Tela ta yaga shafukan. Sai in ce wa likita kin samu sauƙi, akwatin ya koma kan kabad. Wata shida ne kawai, kamar gobe ne.” Hannunta da ɗumi. Kin san tun yaushe wani bai taɓa ni ba?

Na ce in yi tunani. Kar ki ce komai. Na ce kar ki ce komai, Tela, ke kina da ɗaki da makullinki a hannu.

Asabar, ƙarfe goma

Wata shida kwana nawa ne? A'a, kar ki gaya mini.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na kusa ba ta. Na kai hannu bakin zane, tana tsaye tana yanka albasa. Na ga yatsunta a jikin wuƙa, goma cif. Na mayar da hannuna.

Litinin, ƙarfe goma da minti ashirin

Yi sauri, sun tafi ɗauko motar. Miƙo hannunki ta ƙarfen. Ga su, biyu na ajiye, na injin katakon, sun yi laushi da zufa amma rubutun yana nan. Kar ki kankare fulawar, ita ce shaidata, tunda bakina an buga masa hatimi. Sa su a tsakiyar littafin ki danne da allura.

Da safe ta sake tambayata. Na ce na haɗiye su. Ta daɗe tana kallona, ta ce, “To likita bai yi ƙarya ba.” Ta zuge akwatin. Ta sa mini sabulu mai ƙamshi da hotonta na gama makaranta, wai in ajiye a gefen gado.

Ba za ta zo duba ni ba bayan wannan, na sani. Wataƙila su kore ta, wataƙila abin ya wuce kora. Ɗan kuka aka ce yana ja wa uwarsa jifa, ni uwa ce na ja wa 'yata, sau biyu. Kar ki rubuta cewa ban so ta ba. Kar kuma ki rubuta cewa ni mutuniyar kirki ce, sati huɗu na yi ina cin abinci.

A'a, ba kamfanin ba. In kika kai musu, mai gadi zai karɓa ya ce a dawo gobe, ko su ga tela da littafin awo da maganar mahaukaciya su yi dariya irin ta nas ɗin nan. A'a, ba Auta ba, kar ki tsaya yi mata kashedi, za ta yi miki kuka ki ba ta. Ita ce ta ƙarshe da za ta ji.

Ga ƙarar mota. Rufe shagon ki bi ta ƙofar baya, kar ki tsaya kallona ana saukowa da ni. Bayan gidan waya, shagon buga takardu. Baba Waƙafi za ki fara gaya wa. Zai ce ba ya karatu yanzu, ki danƙa masa takardun a tafin hannu. Shi ya san injin, ya san wa zai kira a tsayar da shi yau. Amma kafin ki ce masa zarto, kafin komai, ki ce masa ba waƙafinsa ba ne.